Yadda ake fitar da ruwan nauyi daga tayar tarakta idan tsatsa ta ci rim

Tambayar ita ce: tsohuwar tarakta ce, tayoyinta na baya cike da ruwan nan da ake ɗurawa don ƙara mata nauyi. Ɗaya daga cikinsu ta fara tsiyaya ta gindin bawul, wato bakin da ake buga wa taya iska, rim ɗin kuma, wato ƙarfen da taya ke zaune a kai, tsatsa ta cinye shi a wurin har yana ɓarewa. Ta yaya za a fitar da ruwan ba tare da an ɓata tayar ba, kuma shin rim ɗin zai gyaru?

Malam, abin da ya fi hatsari a wannan aiki ba ruwan ba ne. Iska ce da nauyi. Rim mai lafiya yana jure iskar da ke cikin taya ba tare da ka ko tuna da shi ba, amma wanda tsatsa ta rage wa kauri ba ka san iyakar abin da zai ɗauka ba, kuma ba ya yin sallama kafin ya tsage. Saboda haka hanyar da mutane da yawa suka saba bi, wato a buga wa taya iska mai yawa don ta tunkuɗo ruwan waje da sauri, ita ce hanyar da za ka guje wa a nan. Kai zuƙowa za ka yi, ko ka bar ruwan ya gangaro da kansa. Kuma duk aikin za ka yi shi tayar tana jikin tarakta.

Ga dalilin barin ta a jiki. Ana cika irin wannan taya kusan kashi 75 cikin 100, wato har ruwan ya kai bakin bawul idan bawul ɗin yana can sama. Taya mai lamba 13.6-28 tana ɗaukar wajen lita 160. Mai lamba 16.9-30 wajen lita 275, mai 18.4-38 kuwa ta haura 400. Idan ruwan gishirin kalsiyam ne, kowace lita tana da nauyin kilo 1.2 zuwa 1.3, ke nan 16.9-30 kaɗai tana ɗauke da ruwa na kilo 330 zuwa 360, ban da nauyin roba da ƙarfe. Wanda ya kwance notocin irin wannan taya da niyyar ya mirgina ta gefe zai tarar da abin da maza uku ba su iya tarewa idan ya karkata.

Kafin ka taɓa sifana, gano wane ruwa ne a ciki, domin shi zai gaya maka irin famfon da za ka yi amfani da shi da kuma inda za ka kai shi. Tunda tsatsa ta yi wannan ɓarna, mafi rinjayen zato shi ne kalsiyam kulorayid, gishirin da aka daɗe ana narkawa a ruwa don ya ƙara nauyi ya kuma hana daskarewa a lokacin sanyi. Alamarsa ba ta ɓuya. Yana da santsi a yatsa kamar mai, inda ya ɗiga ba ya bushewa ko da rana ta buge shi, domin yana janyo laima daga iska. Tari lita ɗaya ka auna: idan ta haura kilo 1.2 kuma ba ta da duhu da danƙo, shi ne. Idan kana son ƙarin tabbaci, narka sodar wanki a ɗan ruwa ka zuba a kai, zai yi fari fat kamar an kwaɓa alli. Ruwa mai duhun ƙasa-ƙasa, mai danƙo da ƙamshin ɗanyen sukari, wannan ruwan tushen shukar da ake yin sukari da ita ne a ƙasashen sanyi, irin wanda ake sayarwa da sunan Rim Guard. Ba ya cin ƙarfe kuma ba guba ba ne. Shuɗi mai warin barasa, wanda ya fi ruwa rashin nauyi kaɗan, ruwan wanke gilashin mota ne, akwai metanol a ciki, yana iya kama wuta. Mai launi kore ko ja da ɗan santsi na iya zama ruwan hana lagireto daskarewa, kuma irinsa na etilin gilaikol yana da zaƙi, dabbobi suna lasa su mutu. Kada ka ɗanɗana ko wanne.

Kayan da za ka tanada: jak mai ƙarfin da ya fi nauyin da zai ɗaga, abin tokare na ƙarfe ko katakai masu kauri, waigi, durom na roba da za su ɗauke duk ruwan har da rara (durom na lita 200 guda biyu ga matsakaiciyar taya), tiyo, faffaɗan daro na roba, filaya biyu, man sassauta tsatsa, da mahaɗin nan da ake ɗaurawa a bawul ɗin tarakta wanda ɗaya bakinsa ke karɓar tiyon ruwa. Sai tabarau mai rufe gefe da safar hannu ta roba. Kada ka sa safar fata ko takalmin fata. Kalsiyam yana zuƙe ruwan da ke cikin fata, washegari ka tarar takalmin ya ƙanƙance ya bushe ƙayau kamar katako. Ajiye bokitin ruwa mai tsabta kusa. Idan ya fantsama a ido, wanki ne na minti 15 ba tsayawa.

Tsayar da tarakta a wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, nesa da rijiya, magudanar ruwa da shuke-shuke. Kashe inji, sauke duk abin da ke rataye a baya ko gaba, sa waigi gaba da bayan sauran tayoyin uku. Akwai abu ɗaya da ake yawan mantawa: aksil ɗin gaba na tarakta, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin gaba, yana lilo a kan fil guda a tsakiya, don haka tayoyin gaba ba sa hana ta karkata gefe. Cusa katako tsakanin aksil ɗin da jikin tarakta a ɓangarorin biyu. Daga nan ka ɗaga aksil ɗin baya har tayar ta rabu da ƙasa kaɗan, ka tokare. Jak ɗagawa yake yi, ba a barin masa riƙo.

Juya tayar har bawul ya zo can sama, saitin ƙarfe 12 na agogo. A nan ne kaɗai iska take. Wanke gindin bawul da ruwa, goge ɓawon tsatsar da buroshi a hankali, ka duba da kyau. Bawul ɗin tayar da ake zuba wa ruwa, irin TR218A na tiyub ko TR618A na marar tiyub, hawa biyu ne: akwai 'yar allurar nan ta ciki irin ta kowace taya, akwai kuma gidan da take zaune a ciki, wanda shi ma yana kwancewa ya bar rami mai faɗi. Danna allurar ka saki iska gaba ɗaya tukuna, kana tsaye ta wajen haƙoran taya, ba fuskarka a saitin rim ba. Idan ruwa ne ya fito maimakon iska, an cika tayar fiye da ƙima. Tara shi a daro har ya koma fitar da iska. Sai iska ta ƙare sannan ka kwance gidan allurar. Wanda ya kwance shi da iska a ciki zai ga ya harba kamar harsashi, ruwan gishiri na biye da shi.

A nan tsatsa ke fara nuna halinta. Gidan allurar yakan manne da jikin bawul, kuma idan ka kama shi da filaya ɗaya ka murɗa da ƙarfi, bawul ɗin gaba ɗaya zai juya ya yage daga jikin tiyub, ruwan ya ɓalle ya shiga tsakanin tiyub da taya, ya riƙa fitowa ta ramin rim inda ba ka da iko da shi. Fesa man sassauta tsatsa ka ba shi lokaci. Riƙe jikin bawul da filaya ɗaya, murɗa gidan da ɗayar, gaba kaɗan baya kaɗan, har ya saki. Idan ya ƙi, cire 'yar allurar kaɗai ka yi haƙuri da ƙaramin rami. Aikin zai ja lokaci amma zai yi. Idan ka buɗe ba abin da ya fito, laka ce da garin tsatsa suka toshe, zura siririyar waya ka buɗe hanya.

Abin da ba za ka yi ba ko da wasa shi ne kawo wuta. Ba a dumama bawul, ba a dumama noti, ba a yin walda ko yanka da wuta a kan rim matuƙar taya tana jikinsa, ko da an saki iska, ko da an cire allura. Zafi yana sa robar ciki ta fara ruɓewa tana fitar da iskar gas mai kamawa, kuma abin yana ci gaba da kansa bayan an ɗauke wutar. Tayar tana iya fashewa bayan wasu mintuna, lokacin da kowa ya saki jiki ya matso.

Da zarar ramin ya buɗe, ɗaura mahaɗin da tiyo tun bawul yana sama, sa ɗaya bakin tiyon a durom, sannan ka juya tayar a hankali bawul ya sauko ƙasa, saitin ƙarfe 6. Ruwa zai fara gudu. Sai dai bakin durom a tsaye ya fi bawul ɗin tsawo, don haka gangarowa kaɗai za ta tsaya da zarar ruwan cikin taya ya yi daidai da bakin durom. Ko dai ka tara a daro kana juyewa, ko ka sa famfo a tsakani. Ƙaramin famfon da ake juyawa da injin huda yana yi, famfon da iska ke tukawa ya fi shi jure datti da gishiri. In ruwan mai metanol ne, nisanta duk abin da ke tartsatsi, famfon hannu ko na iska kawai.

Bayan ɗan lokaci za ka ga gudun ya ragu, gefen tayar ya fara lotsawa ciki. Ba toshewa ba ce. Ruwa ya fita, iska ba ta shiga ta maye gurbinsa ba, kamar kwalbar da aka kife. Juya bawul sama, cire tiyo, za ka ji tana shaƙar iska, sannan ka mayar ka ci gaba. Za ka maimaita wannan sau da dama. Idan rim ɗin tsatsarsa ta sama-sama ce, ana iya taimakawa da 'yar iska, kamar psi 5 a ma'aunin ƙarfin iska, da bututun da ke maƙale da kansa da dogon tiyo, kai kana nesa. Amma rim ɗin da ka kwatanta, mai ɓarewa a gindin bawul, ni ba zan ba da shawarar a sa masa ko wannan ba. Kuma kada ka sa gejin iska na yau da kullum a wannan bawul, ruwan gishiri zai kashe shi. Akwai geji na musamman na iska da ruwa, wanda ake ɗaurayewa bayan an gama.

Yanzu ga abin da ke ruɗa mutane. Ruwa ya daina fita, bawul yana ƙasa, sai a ɗauka an gama. Ba a gama ba. Bawul a jikin rim yake, cikin taya kuwa ya zarce rim zuwa ƙasa da tsawon kusan kamu ɗaya. Yi lissafi: idan cikawa zuwa bakin bawul a sama ta bar kashi 25 na iska, to zubarwa zuwa bakin bawul a ƙasa za ta bar kashi 25 na ruwa, muddin tayar ba ta lotsa ba. Wato kusan sulusin abin da aka zuba. A 16.9-30 wannan ya kai lita 90, sama da kilo 100, yana kwance yana jiran wanda zai ɓalle leɓen taya, wato bakinta da ke manne da rim.

Hanya biyu ce ta fitar da shi. Ta farko, ka sassauta abin tokare ka sauke jak kaɗan-kaɗan, nauyin tarakta ya matse ƙasan tayar, ruwan ya hau zuwa bawul. Yana aiki sosai, amma ka tsaya kafin bakin rim ya zauna a kan gefen taya, in ba haka ba zai yanke zaren cikinta, wannan kuwa ba ya faci. Ta biyu ita ce ta fi dacewa da ruɓaɓɓen rim: siririn tiyo na roba, wanda ke shiga ramin bawul ba tare da matsi ba, a zura shi har ya taɓa ƙasan taya, a haɗa da famfo a zuƙe. Tunda iska tana shiga ta gefen tiyon, ba ka ma buƙatar juye-juyen nan. Idan tayar mai tiyub ce kuma mahaɗin ya kama sosai, zuƙowa kai tsaye tana sa tiyub ɗin ya manne kamar leda ya matso mafi yawan ruwan da kansa.

To idan bawul ya riga ya yage, ko tiyub ya daɗe da fashewa, ruwan yana tsakaninsa da taya? Ba asara ba ce babba, domin wannan tiyub dama ba za a mayar da shi ba. Bawul yana sama, yanke shi, tura ragowar ciki, zura tiyo ta ramin rim ka zuƙe abin da ya samu. Sauran kuma sai an ɓalle leɓen taya na waje, a buɗe da liba, a tsaga tiyub, a zura tiyon har ƙasa. Idan tayar ma ta gama yayi, ta tsattsage, za a jefar, gajeriyar hanya ita ce a saki iska tas, a sa daro a ƙasa, a huda tsakanin haƙoranta. Da injin batir ko na iska, ba mai waya ba, tunda ruwan gishiri zai zubo a kansa.

Ɓalle leɓen ma ya fi sauƙi tayar tana jikin tarakta, domin ita ke riƙe maka rim. Tsatsa takan manne leɓen da ƙarfe tamau. Zuba ruwan sabulu mai yawa a kewaye, ba man inji ko fetur ba, su suna lalata roba. Yi amfani da na'urar ɓalle leɓe ko ƙarfen bugu kana zagayawa kaɗan-kaɗan, ka fara daga ɓangaren da ya fi lafiya, nesa da bawul, don kada ka lanƙwasa inda ƙarfe ya yi siriri. Idan rim ɗin irin mai gida biyu ne ko mai zoben kulle, wannan aikin mai gyaran taya ne da ke da kejin ƙarfe na tsaro da ake sa taya a ciki, kai masa.

Ruwan da ka tara, in kalsiyam ne, kada ya taɓa ƙasar noma: yana ƙone ciyawa da bishiya, yana bin ƙasa ya shiga rijiya. Ajiye shi a durom na roba mai murfi, ba na ƙarfe ba, ka rubuta abin da ke ciki. Masu gyaran tayoyin manyan injuna kan karɓa su sake amfani da shi, a wasu wurare kuma ana yayyafa shi a hanyar tsakuwa don kwantar da ƙura inda doka ta yarda. Mai etilin gilaikol da mai metanol sai wurin karɓar shara mai guba. Famfo, filaya, jak, birki da duk inda ya fantsama a jikin tarakta, wanke su da ruwa mai yawa a ranar, in ba haka ba kafin mako sun yi ja.

Batun ko rim zai gyaru, ba a yanke hukunci sai an cire taya an kai ga farin ƙarfe. Abin da ka gani a waje yawanci ƙarami ne a kan na ciki. Dalili kuwa, tsatsa tana buƙatar laima da iska tare, gishiri kuma yana hanzarta ta. Ɗan yoyo a gindin bawul yana jiƙa ƙarfen da ruwan da ba ya bushewa, iska kuma tana samunsa, sai ya bi ƙarƙashin tiyub yana cin rim daga ciki shekara da shekaru ba wanda ya gani. Kankare ɓawon da guduma da buroshin ƙarfe, ko a feshe shi da yashi in da hali. Sannan ka bi shi da ƙaramar guduma kana ƙwanƙwasawa: lafiyayyen ƙarfe yana ƙara garau, ruɓaɓɓe yana amsawa a dushe, wani wurin ma kan gudumar ya faɗa.

Wurare uku za ka fi zuba wa ido: kewayen ramin bawul, mazaunin leɓen taya tare da bakin rim, da kuma kunnuwan da ake ɗaure rim da farantin tsakiya. Idan ɓarnar ta tsaya a kewayen bawul, faɗinta bai wuce tafin hannu ba, ƙarfen da ke zagaye kuma yana da kaurinsa, gwanin walda zai iya yanke wurin har inda ƙarfe ke da kyau, ya dasa wani mai kauri ɗaya da lanƙwasa ɗaya, ya goge ciki sumul. Sabon ramin bawul, mai faɗin wajen milimita 16, a huda shi a wani wuri mai lafiya a kan layi ɗaya da tsohon, a goge bakinsa don kada ya yanki bawul. Amma idan tsatsa ta ci mazaunin leɓe, ko bakin rim ya yi siriri kamar wuƙa, ko kunnuwan sun fara rabuwa, ko ramuka sun bi kewaye, sayi wani rim. Mazaunin leɓe shi ke riƙe dukan ƙarfin iskar taya, faci a nan caca ce da ran wanda zai buga mata iska.

Wanda za a gyara, a wanke shi da ruwa mai yawa, in so samu mai zafi, fiye da sau ɗaya kafin fenti. Gishirin yana ɓuya a cikin ƙananan ramuka, idan aka rufe shi da fenti zai janyo laima ya kumburo fentin cikin 'yan watanni. Bayan ya bushe a shafa maganin tsatsa mai asid ɗin fosforik, sai fentin ƙasa na efoksi, sai na sama, a bar shi ya yi tauri sosai. Cikin tayar ma a wanke, a shafa hannu a tsince duk ɓarɓashin tsatsa, domin ƙwaya ɗaya ta isa ta huda sabon tiyub. Rim ɗin da ya yi ƙuraje ba ya riƙe iska ba tiyub, don haka a sa sabo, ko da a da marar tiyub ce. Wajen zaunar da leɓe kada iska ta wuce psi 35, wato bar 2.4, idan bai zauna ba a saki iska, a ƙara sabulu, a sake, ana tsaye nesa. Bayan ya zauna a rage zuwa abin da littafin tarakta ya ce.

Saura ɗaya tayar. Kada ka bar gefe guda da ruwa ɗayan babu, tarakta za ta riƙa ja gefe kuma tsayuwarta a gangare ta canja. Gishirin da ya ci wannan rim yana cikin wancan ma, kuma shekarunsu ɗaya, don haka duba gindin bawul ɗinsa. Idan ka zubar da duka biyun, ka rage wa bayan tarakta kilo 600 zuwa 700 a matsakaiciyar taya, kuma nauyi ne da ke can ƙasa inda ya fi amfani. Mai cokalin loda a gaba za ta iya ɗaga baya da zarar an cika cokalin. Kafin ta koma aiki a mayar da nauyin, ko da faranten ƙarfe da ake ɗaurawa a wili, ko da nauyin ratayawa a baya, ko da ruwan da ba ya cin ƙarfe. Inda sanyi ba ya kai ruwa ga daskarewa, ruwa zalla a cikin tiyub ya wadatar, lita ɗaya kilo ɗaya.